Labarin Likita Mila, Baƙon Birnin Zazzau

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne wanda bai daɗe da karɓar baftisma ba, ko kuwa kana cikin masu tambaya tukuna, kana auna al'amarin a zuciyarka, ga wani labari da na ke so in ba ka. Na sani ka kan tashi daga Rawayya ka shiga Gusau, ko domin kasuwa, ko da rani sa'anda aikin gona ya ƙare. Ka ga mutanen da ke kwana a bakin tasha, da mata masu goyo waɗanda suka baro ƙauyukansu da abin da kai ya iya ɗauka kaɗai, da yara masu yawo da ƙoƙo. Watakila ka tambayi kanka, ko mene ne ya wajaba a kan mai bin Yesu Kristi game da waɗannan, tun da shi ke ba danginsa ba ne, garin kuma ba nasa ba ne. Zan gaya maka yadda wani mutum ya yi da kwanakin ransa a cikin birnin da ba nasa ba, da inda ya daidaita, da inda ya kuskure, kai kuwa ka duba da kanka.

Sunansa Walter Miller, amma a bakin Zage-zagi Likita Mila ne. An haife shi a shekara ta 1872 a Honiton, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Ingila. Da ya girma ya tafi birnin Landan, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Saurayin da ya fito daga gidan nan da takardar shaida a hannu ba shi da sauran damuwa a kan ci ko sutura har tsufansa. Amma a shekarun nan labarin ƙasar Hausa ya fara shiga kunnen masu bi na Ingila. Wani mai bishara, John Robinson, ya mutu a Lakwaja a 1891 yana cikin koyon Hausa, abokansa kuwa suka kafa ƙungiya domin tunawa da shi, aikinta nazarin harshen. Ɗan'uwansa Charles Robinson ya kai Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida da labarin birane masu ganuwa, da kasuwa inda mutane ke taruwa dubu dubu, da marasa lafiya, da bayi da a ke sayarwa a fili. Miller ya ji kiran, ya tafi wurin ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila, wadda a ke ce da ita C.M.S., ya miƙa kansa. Ba sarki ne ya aike shi ba, ba kuwa talauci ne ya kore shi daga gida ba.

Wani zai ce, ai Landan ma tana da nata matalauta, don me bai tsaya gare su ba? Tambaya ce mai kyau, ba na kuwa raina ta. A unguwannin gabashin Landan na zamanin nan akwai yunwa, da cunkoso, da mutuwar jarirai abin tausayi, akwai kuma masu bi da suka ƙare ransu a can, kamar William Booth da matarsa Catherine, waɗanda suka fara aikinsu cikin matalautan birnin a 1865. Ba kowa a ke kira zuwa nesa ba. Amma wanda aka kira, nauyinsa ya fi na mai zama gida da abu guda, gama shi ba ya san komai ba a wurin da za shi, ba ya kuwa san cewa bai sani ba.

Saboda haka ba a aike shi Kano kai tsaye ba. A 1899 yana Tarabulus, a bakin Bahar Rum, birnin da ke hannun Turkawa a lokacin. Me ya kai shi can? Hausawa. Tun zamanin kakanni ayari ya kan tashi daga Kano ya ƙetare hamada ta Gat da Gadamas, ɗauke da jan fata da gashin jimina da hauren giwa, har ya sauka Tarabulus. Don haka birnin yana da Hausawansa: fatake, da maniyyata waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya, da bayin da suka sami 'yanci amma ba su da abin komawa gida. Yawancinsu talakawa ne ƙwarai. A wurin waɗannan ne likita mai takardar shaida ya zama almajiri. Yana tambaya, suna gyara masa; yana karya harshe, suna dariya. Ka lura da wannan da kyau, ya mai karatu, gama a ganina shi ne tushen dukkan abin kirkin da ya yi daga baya. Kafin ya ba Bahaushe ko ƙwayar magani ɗaya, sai da ya fara karɓa daga hannun Bahaushe. Mutumin da ka taɓa zama a gabansa kana koyo, da wuya ka dube shi daga baya kamar abin tausayi kawai.

A can kuma ya sadu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda ya baro ƙasar Hausa tare da ubansa za su aikin haji, uban ya rasu a hanya, yaron ya ragu shi kaɗai a baƙuwar ƙasa. Miller ya taimake shi. Yaron ya ci gaba da tafiyarsa har Makka, ya cika nufin da ya fito da shi. Daga bisani suka sake saduwa, har ya zauna tare da Miller a Ingila, ya kuma komo ƙasar Hausa tare da shi, ya zama abokin aikinsa. Hausar da mutane suka riƙa mamakinta a bakin Baturen nan, wani babban rabo nata daga bakin marayan nan ta fito.

A watan Janairu na 1900 suka tashi daga Ikko su biyar: Bishop Herbert Tugwell shi ne shugaba, da Miller, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Jirgin ƙasa bai zo arewa ba tukuna. Da ƙafa da doki suka yi ta, suka ƙetare Kwara a Jebba, suka bi ta Zariya, suka isa Kano a watan Afrilu. Sarkin Kano Aliyu ya karɓe su da fushi. Ya nuna musu ba ya bukatar makarantarsu, gama Kano tana da malamanta, ya kuma umurce su su fita daga garinsa cikin 'yan kwanaki. Suka fita.

An saba ba da labarin nan kamar Sarki ne kaɗai mai laifi. Ni ban ga haka ba. A ranar farko ta watan da suka tashi daga Ikko, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasar arewa duka ta shiga ƙarƙashin Sarauniya. Sojansa suna matsowa. Ga Turawa biyar sun shigo birni ba tare da an kira su ba. Yaya Sarki zai bambanta mai bishara da ɗan leƙen asiri? Kafin shekara uku ta cika, a watan Fabrairu na 1903, igwa ta fasa ƙofar Kano. Su biyar ɗin ba su zo da nufin yaƙi ba, amma sun yi gaggawa, sun ɗauka kyakkyawar niyya ta isa ta buɗe musu ƙofa. Ba ta isa ba. Baƙo ko da alheri ya zo, sai ya yi sallama a zaure ya jira a amsa.

Suka komo ƙasar Zazzau, suka kafa bukkoki a Girku, tafiyar kamar kwana biyu kudu da birni. Nan Dudley Ryder ya kamu da atuni ya mutu, ba su ko yi wata uku da barin Kano ba. Waɗansu ciwo ya mai da su gida. Bukkokin suka ƙone, sauran suka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Tafiyar da aka yi ta shelarta a majami'un Ingila ta ƙare da kabari guda da toka. Miller kansa ya koma Ingila ba lafiya. A 1902 ya komo Girku. A 1905 aka yarda masa ya shiga birnin Zariya, ya zauna a unguwar Durumin Maigarke, cikin ganuwa, a gidan ƙasa kamar na maƙwabtansa. Shekara ashirin da huɗu ya yi a wurin.

To, bari in tsaya a kan gidan nan, domin shi ne zuciyar labarin. Turawan mulki ba su zama cikin birni. Su kan gina barikinsu a waje, nesa da sauro da hayaniya, mai ƙara ya je ya same su. Miller ya zaɓi ya kwana inda talakawa ke kwana, ya ji kiran salla da asuba tare da su, ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu tare da su. Ya kan sa riga irin ta Hausawa, abin da bai gamshi waɗansu manyan gwamnati ba, gama a ganinsu Bature ya zubar da girmansa ke nan. Wanda ke cikin unguwa ya kan ji abin da na bariki ba zai taɓa ji ba: gidan da aka kwana ba a hura wuta ba, da yaron da uwar ɗakinsa ta kore shi, da tsohon da gyambo ya hana shi fita.

Kada kuwa ka zaci ya iske birnin da bai san jinƙai ba. Zariya tana da zakka da sadaka tun kafin a haifi kakansa. Makafi suna da sarkinsu, kutare suna da nasu, almajiri ya kan sami tuwon dare a ƙofar gidan da bai san sunansa ba. Amma akwai waɗanda su kan zube ta ramin wannan tsari, mafi yawa kuwa marasa dangi. A 1901 Gwamna Lugga ya yi doka ta hana cinikin bayi, ya ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Doka ce mai kyau, amma yaron da aka ƙwato daga hannun masu fatauci, wanda aka sato tun yana ƙarami har ya manta sunan garinsu, ina za shi? 'Yanci ba ya dafa tuwo. Irin waɗannan yara, da marayu, su ne suka fara cika gidan Likita Mila. Bai taɓa yin aure ba. Su ne iyalinsa. Ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya koya musu karatu. 'Yar'uwarsa Ethel ta zo daga Ingila ta taya aikin.

Ya buɗe ɗakin magani, amma mutane ba su yi tururuwa ba kamar yadda ya zata. Da yawa suna tsoron maganin Nasara, suna da wanzamansu da masu sassaƙensu waɗanda suka sani. Sannu a hankali ya gane ba a wuƙa da kwalba kyautarsa ta fi ƙarfi ba, a harshe ne da koyarwa. Mutum ya tafi da abin da ya ke tsammani a ke bukata, ya tarar abin da a ke nema dabam ne. Mai hankali sai ya sake kaya.

Ya kawo wa gwamnati shawara a kafa makaranta a Zariya domin 'ya'yan sarakuna da malamai, a koya musu rubutun boko da lissafi. An gwada, ba ta yi ƙarko ba. Iyaye sun san shi, sun san bai ɓoye nufinsa ba, yana so kowa ya san Kristi, suka ƙi ba da 'ya'yansu. Gwamnati ta juya ga Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ba koyarwar addinin Kirista a ciki. Ya kai mai tambaya, na san abin da ke ranka a nan, domin da yawa sun faɗa mini: ashe alherin mishan tarko ne, magani da makaranta su ne hatsin da a ke zuba wa tsuntsu? Ka duba lissafin. Waɗanda suka karɓi bangaskiyarsa a cikin birnin Zariya a dukkan shekarun nan kaɗan ne ƙwarai. Da ciniki ya zo yi, da ya naɗe tabarmarsa tun shekara ta biyar, gama kasuwa ba ta ci ba. Ya zauna. Mai bi ba ya ɓoye sunan Ubangijinsa, amma ba ya sayen mutum da ƙwarya guda ta hatsi, ba ya kuwa tambayar mayunwaci addininsa kafin ya zuba masa. Duk wanda ka ga yana yin haka, ko da sunan wa ya ke yi, ba daga Kristi ya koyo ba.

A 1913 wani abu ya faru wanda ya cika zuciyarsa da murna, daga baya ya karya ta. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya dage a kan girmama Annabi Isa bisa ga abin da ya karanta, har aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. 'Ya'yansu da jikokinsu suka ji labarin wani Bature a Zariya mai maganar Isa, waɗansunsu suka zo suka same shi. Aka ba su fili a Gimi, suka kafa ƙauye, suka yi gonaki da makaranta. Wanda ya zauna tare da su shi ne W. A. Thompson, mai bishara baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, wanda ya koya musu matse rake a dafa ruwansa ya zama sukari. Wurin yana da ruwa da ƙasa mai kyau. Abin da ba wanda ya lura da shi, kurmin bakin rafi cike ya ke da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen. Maganin da a ke da shi a zamanin nan ba shi da ƙarfi, likita yana gani mutanensa suna ramewa, suna gyangyaɗi da rana tsaka, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekara goma ta cika Gimi ta zama kufai. Aka kwashe yaran da suka tsira zuwa gidan Durumin Maigarke.

Ka ga, ɗan'uwana, taimako ma yana iya kai mutane ga kabari, ko da mai taimakon yana ƙaunarsu. Ba da mugunta aka zaɓi Gimi ba, da rashin sani ne. Gwamnati ma sai a ƙarshen shekarun 1930 ta tashi haiƙan a kan cutar nan a ƙasar Anchau, ta sare kurmi, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya. Abin da na ke yaba wa Miller a nan, bai wanke hannunsa ya ce ƙaddara ce ba. Marayun da shirin ya bari, shi ya ɗauke su.

Yanzu sai in faɗi laifinsa, gama kadan na ɓoye shi na cuce ka. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Zama cikin unguwa ya sa talakawa su kan kawo masa kukansu da dare, a kan ƙwace, da sayar da mutane a ɓoye, da azabar gidan yari. Ya riƙa rubuta wa Razdan da Gwamna, ba ya gajiya, yana ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903. Turawan mulki suka ƙosa da shi, domin ta hannun sarakuna su ke mulki, ba su son mai tona musu ƙasa. A ƙarshe aka tuɓe Sarki Aliyu aka kai shi Lakwaja, ƙarar Miller kuwa tana cikin abubuwan da suka jawo haka. Tsayawa domin wanda aka zalunta wajibi ne, ba na jayayya a kan wannan. Amma Zage-zagi da yawa suna tunawa da Aliyu a kan malami ne, mawaƙi mai hikima, suka kuma ga baƙon da aka ba masauki ya ɗauki sandan masu cin ƙasa ya bugi mai gida. Har wa yau ya kan yi maganar addinin maƙwabtansa da kalmomi masu zafi, a baki da a takarda, ya rufe wa kansa ƙofofin da haƙuri zai buɗe. Abokan aikinsa ma sun sha wuyar zama da shi. Ka ɗauki ƙarfin zuciyarsa, ka bar masa harshensa.

Bari in komo gare ka da garin da ka ke zuwa. Gusau ta daɗe tana karɓar baƙi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, garin ya cika da 'yan ƙwadago da masu sayen gyaɗa da auduga. Tsofaffi suna tunawa da yunwar 1942 da sunan 'Yar Gusau, domin can mutane suka yi ta kwarara neman abinci. A 1996 ta zama babban birnin Jihar Zamfara. A shekarun baya kuma, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, mutanen da jiya su ke da rumbu da garke suka wayi gari a kangon gini a Gusau ko Tsafe, suna jin kunyar miƙa hannu. Ba sai ka ƙetare teku ba. Tafiyar da Miller ya yi wata uku yana yi, kai motar safe za ta kai ka.

A zamaninmu ikilisiyoyi da yawa su kan aiki samari da 'yan mata zuwa biranen waɗansu ƙasashe, su yi mako biyu suna rabon tufafi ko gyaran makaranta, su ɗauki hoto, su koma gida. Ba na hana su ladansu. Amma zumunta a ƙafa ta ke, ba kuwa tafiya guda ke yin hanya ba. Kadan kai da 'yan'uwa na majami'arku kun yi niyyar taimakon wata unguwa, ku fara da gaisuwa. Ku je wurin mai unguwa da limamin wurin, gama sun riga ku sanin wanda ya kwana da yunwa. Ku tambayi mutane abin da su ke bukata kafin ku buɗe buhu. Mai yiwuwa matar da kuka kawo wa zane, jarin ƙuli-ƙuli ta ke nema domin ta daina karɓa. Ka koyi sunan mutum, kadan kuma Bafillace ne ko Buzu, ka koyi gaisuwarsa da harshensa ko da zai yi maka dariya. Kada ka ɗauki hoton wanda ba za ka so a ɗauki uwarka a halinsa ba. Ka kuma komo mako mai zuwa, da wanda ke biye, bayan daɗin sabon abu ya wuce.

Gwamnati ba ta taɓa sakin jiki da zaman mishan cikin ganuwar Zariya ba. Makaranta kuma ta yi girma, gidan ya yi mata kaɗan. Waɗansu samari masu bishara suka zo daga Kambirij, Guy Bullen yana cikinsu, suka ga ya fi kyau a fita fili. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, a gindin dutse, bayan gari. Aka gina majami'a da tubalin ƙasa da bakan gizo irin na magina Hausawa, aka sa mata suna St. Bartholomew, aka kuma kafa asibiti da makaranta. Wusasa ta yi albarka, ba mai musun wannan. Daga cikin 'ya'yan wannan jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa ne kuma ma'aikatan C.M.S. suka fito har Tsafe a shekarun 1930. Amma zuciyar Miller ba ta bi kayan zuwa bayan gari ba. Shi mutumin cikin birni ne. Ya bar wa samari sabon wurin, ya tafi Kano, garin da aka kore shi shekara ashirin da tara da suka wuce.

A can ya ƙarasa aikin da ya daɗe yana yi, watau juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu bishara na waɗansu ƙungiyoyi, kamar Andrew Stirrett na S.I.M., akwai kuma Hausawan da a ke karanta musu suna gyara, waɗanda ba a cika ambaton sunansu ba. Amma mafi yawan nauyin a kansa ya ke. Sabon Alkawari ya fito a 1925, Littafin dukka a 1932. Kadan ka taɓa jin tsohuwar fassara a bakin dattijo a majami'a, Hausar da aka fara koya a zauren matalautan Tarabulus ka ji.

A 1935 ya ajiye aikin C.M.S., ya koma Ingila, ya rubuta labarin rayuwarsa. Amma ƙasar haihuwarsa ta zama masa baƙuwa. Harshen da ya ke tunani da shi, da mutanen da ke kiransa uba, duk suna nan. A 1939 ya komo Nijeriya, ba a ƙarƙashin wata ƙungiya ba. Ya zauna a Bukuru kusa da Jos, garin masu haƙar kuza, inda talakawa daga kowace kusurwa ta arewa ke taruwa neman abin kai wa baki. Ya ci gaba da rubutu, yana sukar mulkin 'yan ƙasarsa a kan abin da suka kasa yi wa talakawan Nijeriya, harshensa bai dushe ba har tsufa. A can ya rasu a 1952, yana da shekara tamanin, shekara hamsin da biyu bayan ranar da ya fara shiga ƙofar Zariya.